Agogo Mai Maɓalli Biyu

A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa, akwai wata ƙaramar makarantar kwana a bayan ganuwar Haɗeja, ta wajen fadama. Yaranta 'ya'yan manoma ne da masunta da makiyaya. Suna da allo da alli, suna da fili mai faɗi, suna kuma da ƙafafun gudu. Abin da ba su da shi shi ne agogon auna tsere. A shekarar kuwa aka aiko daga Kano cewa ba za a karɓi yaro a gasar makarantu ba sai an auna gudunsa da agogo, an tabbatar ya kai.

Malam Shu'ibu, mai koyar da lissafi da wasanni, shi ya bi malamai da iyaye har aka haɗa ɗan abin da ya samu, ya sayo agogon. Matarsa Mairo ta ɗinka masa 'yar jaka. Riƙon jakar kuma a fili sai Malam ya ba Hamman, ɗan wani manomin shinkafa daga wani ƙauye kusa da Kafin Hausa. Hamman ya fi kowa gudu in ban da wani yaro da ake kira Auta, ya kuma fi kowa natsuwa.

Wata Talata da safe, a ƙarshen damina, Malam Shu'ibu ya buɗe jakar a gaban yara. Agogon yana nuna wajen ƙarfe ɗaya, alhali ko kunu ba a gama sha ba. Siririn tsinken nan da ya saba tsayawa cak a kan sha biyu yana ta zagayawa ba wanda ya tashe shi. Malam ya danna maɓallin sama. Sai agogon ya yi tsit gaba ɗaya. Ya kara a kunne, babu motsi. Ya danna na ƙasa, ya ci gaba da tafiya. Ya juya bayan agogon ya shafa da babban yatsa.

"Wannan ba agogonmu ba ne," ya ce a hankali.

Hedimasta ya sa aka kira Hamman.

"Jiya wa ya riƙe jakar?"

"Ni ne, Yallaɓai."

"Ka ba wani?"

"Ban ba kowa ba. Ba ta bar hannuna ba har na mayar wa Malam."

"To ka yanke wa kanka hukunci. In ba ta bar hannunka ba, kai ka sauya. In agogo bai fito ba kafin Juma'a, ka naɗe tabarmarka ka koma wajen ubanka."

Hamman ya sunkuyar da kai. Shi ne na farko a gidansu da ya shiga makaranta. Ya san ranar da mai fito zai sauke shi a ƙauyensu da sunan ɓarawo, uwarsa Ramatu ba za ta ƙara ɗaga kai a bakin rijiya ba.

Malam Shu'ibu bai yi musu da hedimasta ba. Ya ɗauki hularsa ya tafi ofishin 'yan doka, ya dawo tare da Kofur Bunu. Kofur Bunu dattijo ne dogo, mai sanyin murya, ba ya gaggawa ko wajen tauna goro. Suka zauna a gindin tsamiyar makaranta.

"Malam, ni ban san agogo ba sai na bangon ofis," in ji Kofur. "Ka koya mini kamar yadda kake koya wa yara. Yaya aka yi ka zaɓi naka?"

"Wani ɗan koli ne, Bakari, da ke zuwa daga Kano a jirgin ƙasa ya sauka a tashar Malam Madori. Ya nuna mini guda uku, duk masu maɓalli biyu. Na farko ruwan zinariya ne, kuɗinsa ya isa sayen bijimi. Ko taɓa shi ban yi ba. Na biyu na farin ƙarfe ne, an taɓa aiki da shi. Na uku sabo fil, yana ƙyalli, kamarsu ɗaya da na biyun, ga shi da araha har ka yi mamaki."

"Ka bar mai araha, kai da ba ka da kuɗi?"

"Arahar ce ta sa na tsaya na gwada. Ka ga, Kofur, agogon tsere na gaskiya aiki biyu yake yi. Yana riƙe lokaci, yana kuma auna gudu, ɗaya ba ya taɓa ɗaya. Ka danna na sama, siririn tsinke ya tashi. Ka sake dannawa ya tsaya, amma in ka kara a kunne za ka ji cikinsa yana ta aiki. Ka danna na ƙasa, tsinken ya koma kan sha biyu daidai. Na biyun ya yi duk wannan. Na ce da Bakari ya bar mini shi ya kwana, da safe na gwada da na ofis, ba su saɓa ba."

"Na ukun fa?"

"Maɓallinsa kashe agogon kawai yake yi. Ƙananan da'irorin nan biyu na fuskarsa ado ne. In ka auna tsere da shi, lokacinka ya koma baya."

"Me ya sa kake shafa bayansa ɗazu? Yara sun ce sun ga kana shafawa."

"Namu yana da 'yar lotsawa a baya, kamar ƙwayar gero. Saboda ita Bakari ya yi mini ragi, har kuɗinmu ya kai. Na ce ba bayansa zan duba ba, fuskarsa zan duba."

Kofur ya miƙa masa agogon da aka bari. "Dubi wannan da kyau."

"Shi ne na ukun, ko ɗan'uwansa."

"Ina Bakari yanzu?"

"Ya wuce Nguru tun kafin ruwa ya cinye hanyar mota."

"To ba shi ba ne. Ka daɗe kana aiki da naka bayan tafiyarsa. Jiya ina kuka kai agogon?"

"Fili, sai masallacin bakin fili da la'asar. Daga nan Hamman ya ba ni jakar, na sa a akwatina na kulle, ban buɗe ta ba."

Kofur ya naɗe agogon a hankici. "Kada kowa ya ƙara danna shi, kada kuma a gyara masa lokaci. A bar shi yadda mai shi ya bar shi."

Aka kira Auta. Ya zo yana hararar gefe, don ya ji yara suna cewa shi ya shirya abin saboda kishi.

"An ce ba ka son Hamman," in ji Kofur.

"Ba na son ya riga ni, Yallaɓai. Amma in aka kore shi da wa zan yi tsere? Sauran ai kamar jakai suke a cikin taɓo."

Kofur ya yi murmushi. "Ina ka tsaya a sallar la'asar jiya?"

"Sahun gaba, kusa da Malam. A tambaye shi. Har taka masa ƙafa na yi."

"Haka ne," in ji Malam Shu'ibu.

"Hamman fa?"

"Can baya. Da aka sallame na waiga na gan shi, kansa ba hula, kamar ɗan dambe. Har na yi masa dariya."

"Je ka, ɗana."

Da aka sake kawo Hamman, Kofur ya nuna masa tabarma ya ce ya zauna. Ya ɓare goro, ya daɗe yana taunawa.

"Hamman, jiya ka yi salla da alwala ko ba alwala?"

"Da alwala, Yallaɓai."

"Madalla. Da wane kaya?"

"Kayan gudu."

"Wandon gudu yana da aljihu?"

"Babu."

"To da ka ɗebi ruwa da hannu biyu ka wanke fuska, ina jakar take?"

Hamman ya dubi Malam Shu'ibu, ya dubi ƙasa.

"Ba dukanka zan yi ba," in ji Kofur. "Amma ka ji abin da maganarka ta jawo. Ka ce jakar ba ta bar hannunka ba. In haka ne, duk Haɗeja ba wanda zan nema sai kai. In kuwa ta bar hannunka, ko na ɗan lokaci ne, to ina da wurin dubawa."

Hawaye suka zubo wa yaron. "Malam ya ce kada ruwa ya taɓa shi. Sai na sa jakar cikin hulata, na ɗora a kan katanga, nesa da randa. Ina gama alwala na ji an yi kabbara, na ruga, na manta. Da aka idar na fito na same ta yadda na bar ta."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na ji tsoro Malam ya ce ban iya riƙon amana ba."

Malam Shu'ibu ya dafa kan yaron.

"Wa ka bari a waje?" in ji Kofur.

"Gana mai kawo ruwa. Ban lura da wani ba."

Kofur Bunu ya bi hanyar kogi shi kaɗai. Ruwa ya cika fadama har gindin goriba, shinkafa ta yi kore shar, balbelu suna bin shanu a kan tudu. Ya tarar da Gana yana cika garwa a mashaya. Gana mutumin gabas ne, ya daɗe yana sayar da ruwa a unguwar.

"Sannu da aiki, Gana."

"Yauwa, Kofur. Lafiya dai? Ni ban yi faɗa da kowa ba wannan watan."

Kofur ya buɗe hankicin. "Ƙarfe nawa yanzu?"

Gana ya leƙa, ya yi dariya. "Ni agogona ga shi can a sama. Wannan ko a kife ka ba ni, ko a tsaye, duk ɗaya ne."

"Jiya da la'asar ka ga hula a katangar masallacin bakin fili?"

"Na gani. Na ce wani yaro zai sha faɗa."

"Ka taɓa ta?"

"Da garwa biyu a kafaɗa? Na juye ruwa a randa na dawo kogi, nan na yi sallata. Masu fito duk sun gan ni."

"Ka bar kowa a wajen?"

"Sai mai masallacin, Alhaji Mala. Shi ke biyana kuɗin ruwan. Ya tsaya sai da na cika randar, na bar shi zai yi alwala."

Kofur ya tambayi masu fito, suka ce haka ne. Ya tambaye su kuma ko wani ɗan makaranta ko wani ɗan koli ya ƙetare a 'yan kwanakin nan. Suka ce babu, sai masu banda da masu kiwo.

Alhaji Mala dattijo ne mai daraja, mai fataucin banda. Shi ya gina masallacin a ƙofar gidansa. Kofur bai ga dalilin da zai sa irin wannan mutum ya taɓa hular yaro ba, kuma ba a tunkarar irinsa da zato kawai. Ya koma ya zauna a kan dakali daura da masallacin yana tunani. Hadari ya haɗo ta gabas, rana tana can bayan gajimare. Yamma ta yi. Ladan Baƙo, wani ɗan tsoho mai raha, ya fito ya leƙa sama, ya shiga zauren Alhaji, ya fito, sa'an nan ya ɗora hannu a kunne ya kira magariba.

Kofur ya buɗe hankicin don ya tabbata agogon bai mutu ba. Dogon hannu da gajere sun kusa haɗuwa a sama. Saura ƙiris sha biyu ta cika.

Ya daɗe yana kallo. Tun safe kowa yake cewa agogon ya rikice. Amma agogon da ya rikice ba ya zaɓar sha biyu daidai da kiran salla. Kofur ya murɗa kan agogon a hankali ya yi masa wani don kada ya tsaya, bai taɓa hannayen ba, ya mayar aljihu.

Kashegari da hantsi ya sami Ladan Baƙo yana sharar masallaci.

"Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya irin ta marasa karatu."

"Ai gara taka da ta masu karatu. Faɗi."

"Akwai ƙasar da rana take faɗuwa da ƙarfe sha biyu?"

Ladan ya jingine tsintsiya ya yi dariya. "Lissafin Makka ke nan. Can in rana ta faɗi sai kowa ya mai da agogonsa sha biyu, sabuwar rana ta fara. Ba ruwansu da lissafin Bature."

"A nan akwai mai yin haka?"

"Mutum ɗaya, Alhaji Mala. Ka san da ƙafa ya tafi yana saurayi, ta Barno da Sudan, ya zauna can har ya yi furfura. Ya dawo da al'adar. In hadari ya rufe rana, shi nake tambaya. Duk masallatan wannan yanki muryata suke jira, ni kuma agogonsa nake jira."

"Bai taɓa saɓa maka ba?"

"Tsohon da ya zo da shi daga Makka bai taɓa ba, har ya mutu bana. Sai ya sayi wani sabo mai maɓalli biyu. Wannan kam ya ba mu kunya. A aljihun ƙirji yake sa shi, da ya yi sujada sai agogon ya suma. Rannan ya sa na makara da magariba har yara suna cewa Ladan ya yi barci. Alhaji ya kwana biyu ba ya fita zaure."

"Yanzu fa?"

"Ai ya warke! Tun shekaranjiya bai ƙara suma ba. Na ce Alhaji, wane malami ya yi masa tofi?"

"Me ya ce?"

"Bai ce kome ba. Ko dariya bai yi ba, shi da ke son wasa."

Da yamma, bayan la'asar, Kofur Bunu ya ɗauki Malam Shu'ibu da Hamman suka yi sallama a zauren Alhaji Mala. Zauren yana ƙanshin banda. Alhaji yana zaune a kan buzu, farin gemu, carbi a hannu. Da ya ga yaron sai ya kau da ido.

Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi ruwa da kasuwar kifi. Kofur bai gajarta gaisuwar ba.

"Baba Alhaji," ya ce daga baya, "na zo a taimake ni da lokaci. Ƙarfe nawa?"

Alhaji ya ɗan yi jinkiri, sa'an nan ya sa hannu a aljihu ya fito da agogo. "Goma da rabi, a lissafinmu."

Kofur ya buɗe hankicinsa ya ajiye nasa a kan tabarma. "Ikon Allah. Wannan ma kusan haka ya ce. A cikin jakar makaranta aka same shi, ga shi yana bin lissafin Makka. Malam Shu'ibu bai taɓa wuce Kano ba. Yaron nan ko jirgin ƙasa bai taɓa gani ba."

Alhaji ya damƙe agogon da ke hannunsa.

"Baba, ko za ka danna mana maɓallin sama na wanda ke hannunka?"

"Ba sai na danna ba."

"To a juya bayansa. Malam ya ce nasu yana da lotsawa kamar ƙwayar gero."

Alhaji Mala ya dubi agogon ya daɗe. Bai juya ba. Ya miƙa wa Malam Shu'ibu da hannu biyu.

"Naka ne, Malam. Lotsawar tana nan, na gan ta tun daren farko."

Malam Shu'ibu ya karɓa. Can waje wata akuya tana kuka.

"Bakari ya zo nan bayan ya bar ka," in ji Alhaji. "Ya nuna mini wancan, yana ƙyalli, ga araha. Ban gwada ba, na ɗauka ni na san agogo. Da ya fara ba ni kunya sai na riƙa zuwa bakin fili ina kallonka. Kana dannawa, kana dannawa, amma in aka tambaye ka lokaci sai ka faɗa daidai. Ka tuna na tambaye ka dalili?"

"Na tuna, Baba. Na yi maka bayani. Ban san kana da irinsa ba."

"Yaya zan nuna maka? In ce ni Mala, da ake tambaya lokaci, ɗan koli ya cuce ni? Rannan na ga yaron nan ya sa jakar a hula. Kowa ya shige. Na ce su wasa suke yi da shi, ni salla nake tsarewa. Na ce wancan ma ai yana tsayawa in an danna, zai ishe su. Kafin in gama wannan tunani hannuna ya riga ya yi."

"Ka san abin da aka ce da yaron?" in ji Kofur.

"Na ji 'yan doka suna tambaya. Ban ji sauran ba."

"An ce shi ya sauya. Jibi Juma'a za a kore shi ya koma ƙauyensu da sunan ɓarawo."

Carbin ya faɗi daga hannun Alhaji. Ya juyo ya dubi Hamman sosai, karo na farko.

"Ɗan wane ne kai, jikana?"

"Ɗan Buba, Baba. Na wajen Kafin Hausa."

"Uwarka tana da rai?"

"Tana nan."

Alhaji ya rufe fuska da hannun rigarsa. Da ya buɗe sai ya ce, "Kofur, yi aikinka."

"Zan faɗa wa alƙali yadda abin ya faru, ba ƙari ba ragi, har da cewa da hannunka ka miƙa. Sauran nasa ne. Amma sunan yaron nan a makaranta aka ɓata shi, ba a gaban alƙali ba."

"Na ji. Gobe da safe zan je da ƙafata."

A hanyar komawa suka bi gefen fadama. Dinyoyi suna wucewa a sama jere. Malam Shu'ibu ya tambayi Kofur yadda aka yi ya gano.

"Ba wani abin mamaki, Malam. Wanda ya ɗauki naka ya bar wani a madadinsa, ke nan yana da agogo tun da farko. Hamman ba shi da shi, Auta ba shi da shi, Gana ba shi da shi, ruwa kuma ya rufe hanyar da za a sayo. Da yaron ya faɗi gaskiya sai na san wurin da aka yi da lokacin da aka yi. Gana ya ba ni sunan wanda ya rage a waje, amma suna ba shaida ba ne. Shaidar tana jikin agogon. Mu duka mun ɗauka ya rikice, ashe daidai yake tafiya, a lissafin mai shi. Alhaji ya yi shekaru yana duba agogo haka, har ya manta ba haka sauran mutanen gari suke dubawa ba. Da ya tuna ya juya hannayen kafin ya sa a jaka, da har yanzu ina yawo a bakin kogi."

"Da na bi son zuciyata jiya da safe, da na gyara masa lokaci," in ji Malam.

"Shi ya sa na ce kada a taɓa."

Da safe yara suna jere a gaban ofis sai ga Alhaji Mala da sandarsa, Ladan Baƙo yana biye. Ya tsaya a gabansu, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, bai nemi uzuri ba. Ya ce yaron nan bai ɗauki kome ba. Ya nemi gafararsa a gaban kowa. Hedimasta ya cire tabarau ya goge, ya kira Hamman ya ce ya koma layinsa. Auta ya matsa ya ba shi wuri, ya ce a hankali, "Saura ka ƙara yin salla ba hula."

Alƙali ya ci Alhaji tara, ya yi masa faɗa mai zafi, ya sallame shi. Malam Shu'ibu ya mayar masa da agogonsa, ya nuna masa yadda zai tura ɗan ɓawon kara a ƙarƙashin maɓallin sama ya ɗaure da zare, don kada sujada ta ƙara danna shi. Ya ce in dai ba a danna ba, yana riƙe lokaci daidai gwargwado. Ya kuma yi masa alkawari in ruwa ya janye aka ga wani ɗan koli, zai zo su gwada tare kafin a biya.

Ran Asabar aka auna tsere. Malam ya danna maɓallin sama, siririn tsinke ya tashi. Hamman da Auta suka iso kusan tare, Malam ya danna, ya duba, ya ce dukansu sun kai, za su Kano. Ya danna na ƙasa, tsinken ya koma kan sha biyu. Ya sa agogon a jakarsa. Mairo ta riga ta ƙara mata igiya ta ratayawa a wuya.

Ya miƙa wa Hamman.

Yaron ya ɓoye hannayensa a baya. "Malam, ni da na bar shi a katanga?"

"Kai ɗin. Barinsa a katanga mantuwa ce, kowa yana yi. Riƙe."

Hamman ya karɓa ya rataya. Yana jin agogon yana bugawa a ƙirjinsa har suka isa masallaci. A ranar ya gane cewa ba mantuwar ce ta kusa korarsa daga makaranta ba, ɓoye ta ne, kuma maganar da ya fi jin tsoron faɗa ita ce ta kuɓutar da shi.